Matar da ta Buɗe Tagogi Biyu

Kowace safiya, kafin mai burodi ya gama fito da gashin farko, Gwaggo Zagorka ta riga ta tsallako gada, jakar saƙa a hannu, mabuɗai suna kacau-kacau a aljihu. Ko rana ake ƙwallawa mai narka kwalta, rigar sanyinta mai ruwan toka tana jikinta, maɓallai a ɓalle har wuya. Ta buɗe zauren nunin zane-zane na garinmu, ta shiga, ta mayar da ƙofa ruf. Sannan ta bi tagogi tana shafa bakinsu da bayan hannu, ko akwai inda iska ke satar hanya. Sai ta gamsu babu, sannan ta ɗora gahawa a ɗan murhun lantarkin da ke ɗakin baya, ta fito ta gaida abin da ke bango. E, gaisuwa sosai. Ta ce abin da za ka wuni da shi a ɗaki ɗaya, rashin kunya ne ka wuce shi ba sannu.

Wannan makon za ta ajiye mabuɗan. Ni kuwa da katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun muna amare, na ce ba za a yi haka shiru ba.

A takarda, aikinta zama ne a kujera, da cewa «kada a taɓa». Amma duk garin nan an san ainihin aikinta. Ita ce ake tambaya. In ka ji an kawo sabon nuni, ba ka karanta takardar da aka manna a bango, don masu rubuta ta ma ina shakkar ko sun fahimci abin da suka rubuta. Sai ka tare Gwaggo Zagorka a kasuwa ko a layin kantin magani ka ce, «Gwaggo, yaya zauren?» In abin ya yi mata, za ta kama hannun rigarka, ba za ta saki ba sai ka faɗi ranar zuwanka. In kuwa bai yi mata ba, ba ta kushe aikin ɗan kowa. Sai ta ce, «Zauren da ɗumi. In ƙafa ta gaji, a zo a huta.» Shi ke nan, kowa ya gane, kowa ya kama gabansa.

Ranar Litinin da zaure ke rufe, ba ta hutawa. Sai ta nufi tsohuwar masaƙar garin, inda ita kanta ta yi aiki tana budurwa kafin a rufe ta, inda yanzu masu zane da masu sassaƙa suka raba ɗakunan sama suna aiki. Ta bi su ɗaki-ɗaki, ta ga abin da kowa ke yi, ta leƙa tukunyar kowa ta ga ko ya ci abinci. Daga nan take samo labarin da take rabawa. «Ku je wurin mai ƙera tsuntsaye da ƙarafan tarakta, amma ku ɗaga murya, walda ta cinye masa kunne.» Ko kuma, «Kada ku je wurin mai zanen furanni wannan makon, sun yi faɗa da mijinta, komai baƙi take shafawa. Ku bari su shirya.» Kuma doka ɗaya gare ta: ba a shiga ɗakin aikin mai zane hannu rabbana. Ko ƙullin gahawa ne, ko kwalbar wani abu, a riƙa. Ta ce wanda ya bar ka ka ga aikinsa tun bai gama ba, kamar ya bar ka ka gan shi bai wanke ido ba ne, ai ka biya kunyar.

Ke ce kika koya wa direbobin tasi hanyar masaƙa, Zagorka. Ke ce kika sa mahauci ya tsaya gaban wani zane mai ja-ja-ja, ya daɗe, sannan ya ce, «Wannan mutumin ya san hanta.» Uwar masu fenti a farce, mai aika mutum inda bai yi niyya ba ya dawo yana godiya.

To amma ba don wannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ta yi bara, lokacin gashin tattasai, wanda ko jikokinmu sai sun ji.

Cikin masu ɗaki a masaƙar akwai Budimir, mutum ne dogo mai furfura a gemu, mai magana kamar yana tsoron tayar da jariri. Ya daɗe yana aikin zane, ya gaji. Mijin yayarsa, Miodrag, yana da ma'aikata a Ostiriya suna shimfiɗa tayil a banɗakunan mutane, kuma duk shekara in ya zo ɗibar kwalaben miyar tattasai sai ya ce, «Suruki, hannun da ya iya jan layi a miƙe, me yake yi a nan? Taho mu tafi.» Bara dai Budimir ya amsa. Ya ce an ba shi zauren nuni na wata guda. In garin ya duba bai ga komai ba, zai miƙa mabuɗin ɗakinsa ya bi Miodrag, ya bar zane har abada.

Abin da ya kawo kuwa ba zane ba ne. Rigunan aiki ne, shuɗɗan rigunan da matan masaƙa ke sawa a da, ya tono su cikin buhuna a wani ɗakin ajiya da rufinsa ya faɗa. Ya wanke su, ya rataye su daga rufin zauren da siririn zare, wasu sama wasu ƙasa, har zauren ya cika. Ya ce aikin ba ya tashi sai an buɗe tagar gabas da tagar yamma a lokaci guda.

Tagogi biyu, jama'a. Suna kallon juna.

Ko yaron goye a garin nan ya san sunan iskar da ke shiga ta wannan taga ta fice ta waccan: promaya. Ba ta da ƙara, ba ta da ƙura, amma ita ce ke sandarar da wuya, ta karkatar da baki, ta shiga kunne, ta sauka a ƙoda. Mun binne mutane da yawa da likitoci suka rubuta musu wasu sunayen cuta, mu dai mun san gaskiya. A bas ma, ko gumi yana ɗiga daga rufi, in ka buɗe taga alhali ta wancan gefen a buɗe take, sai ka ji abin da aka ce wa kakarka.

Ranar buɗe nunin, da yamma, manyan gari suka hallara da kofunan giya a hannu. Budimir ya lallaɓa ya buɗe ta gabas, ya zagaya ya buɗe ta yamma. Ko hannun riga ɗaya bai kai ga motsawa ba matar magajin gari ta dafe kunne ta ƙwalla ƙara.

«Wayyo kunnena! Wane ne yake son ya kashe mu?»

Maza suka ajiye kofuna suka ruga, aka rufe tagogin bam-bam kamar ana korar ɓarawo.

Budimir ya matso yana murza hannu. «Ranki ya daɗe, aikin ne sai da iska...»

«To ka hura masa da baki mana, ɗana. Jiya na yi gyaran gashi.»

Aka ci, aka sha, aka tafa masa, aka watse. Rigunan suna rataye shiru kamar shanyar da aka manta.

Washegari ya zo wurin Gwaggo Zagorka, hula a hannu.

«Gwaggo, don Allah, in mutane sun zo, duka biyun za a buɗe.»

«To, ɗana.» Ta tashi ta buɗe ta gabas, faɗin tafin hannu.

«Ɗayar fa, Gwaggo?»

«Ɗayar tana hutawa.»

«Ai sai sun haɗu ne abin yake...»

«Zauna, Budimir, in ba ka labari. Kawuna ya zauna tsakanin ƙofa da taga ranar bikin 'yarsa. Tun daga ranar hagu kawai yake kallo, har ya koma ga Mahaliccinsa.»

«Gwaggo, an ce ya haura casa'in kafin ya rasu.»

«Ka gani? Da bai zauna wurin ba ai da har yanzu yana nan.»

Ya gwada kawo fanka. Rigunan suka kama karkarwa kamar masu zazzaɓi, shi kansa ya kashe ta. Gwaggo kuwa dama ta ce fanka ai promaya ce aka sa a keji. Da yake mutum ne mara iya musu, sai ya daina roƙo. In ya leƙo ya ga zauren wayam, ya gaishe ta ya juya.

Ita kuma tsakaninta da Allah ba ta ga komai a aikin ba. Tsummoki ne a rataye. Da ta je kasuwa, Milunka mai cuku, ƙawarta tun suna kan inji ɗaya a masaƙa, ta ɗago daga bayan teburinta.

«Ke tsohuwa mai mabuɗai, yaya zauren naku?»

Gwaggo tana son yaron. Duk da haka ta ce, «Da ɗumi.»

«Af. Har Budimir ɗin?»

«Na ce miki da ɗumi. Auna mini cuku ki daina tona ni.»

Kafin la'asar magana ta gama gari. Babu wanda ya sake taka zauren, in ban da wani tsoho da ya ɗauki maganar da gaske ya zo ya yi barci a benci.

Ana haka gashin tattasai ya kankama. Kowane tsakar gida hayaƙi, kowace mace hannu ja har gwiwa, ana gasawa ana ɓarewa ana cika kwalabe don hunturu. Gwaggo Zagorka tana zaune a zauren da ba kowa, tana jin ƙamshin tattasan wasu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, nata yana gida cikin buhu yana yaushi. Zuciya ta ce mata, murhun ɗakin baya me yake yi in ba dafa gahawa ba? Ranar Alhamis ta shigo da tattasai a jakar saƙa, ƙarƙashin zare. Ta jera su a kan murhu, ta kunna.

Daidai nan Budimir ya ƙwanƙwasa. Ta fita ta same shi a bakin titi, ta ja ƙofa a bayanta don kada ya ji ƙamshi.

«Gwaggo, sallama na zo yi. Miodrag zai iso ranar Lahadi. Na fara ɗaure kaya.»

«Haba, ɗana. Ai watan bai ƙare ba.»

«Ya ƙare, Gwaggo. In an sauke rigunan, ki ba bakanike ya riƙa goge hannu. Sun fi amfani a can.» Ya yi ɗan murmushi. «Na ji an ce zauren da ɗumi.»

Ta rasa inda za ta sa ido. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana, ta ƙara tsayawa bayan ya ɓace, tana gyara maɓallin da ba abin da ya same shi. Sai da ta tura ƙofa ta tuna da tattasai.

Hayaƙi ya turnuƙe zauren, baƙi, mai yaji. A saman rufi kuwa akwai ɗan farin abin nan da ke ihu in ya shaƙi hayaƙi, ya kira 'yan kwana-kwana. Ta hango kanta a bakin duniya: matar da ta yi shekara da shekaru tana hana mutane numfashi kusa da zane, yau an kama ta tana girki a zauren gwamnati. Ta kashe murhu, ta buɗe tagar gabas wangale. Hayaƙin ya ƙi fita, sai juyawa yake a wuri ɗaya. Ta dubi tagar yamma, tagar yamma ta dube ta. Ta yi alamar gicciye, ta ja rigar sanyinta ta rufe kai, ta ruga ta buɗe, ta koma lungu ta tsuguna, hannu biyu a kan ƙoda, tana jiran ajali.

Ajali bai zo ba. Abin da ta ji wani sauti ne ƙasa-ƙasa, kamar mata da yawa suna wucewa, tufafinsu suna gogar juna. Ta leƙo da ido ɗaya ta ramin maɓalli.

Rigunan sun cika. Kafaɗu sun tashi, ƙirji ya fito, hannaye sun ɗaga, wannan ta dafa waccan, waccan ta karkato kamar za ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu. Duka sun juya sun fuskanci ƙofa, suna tafiya ba sa gaba, daidai yadda suke fitowa daga masaƙa in an busa tashi, a gajiye, ana hira, kowa na saurin zuwa ɗora tukunya. Can sama wata riga da tun farko bango take kallo ta juyo a hankali. A aljihunta na hagu akwai faci na jan yadi mai furanni.

Gwaggo ta san facin nan, don ita ta ɗinka shi, da ƙyallen siket ɗinta. Rigar yayarta ce, Leposava, wadda ta ƙona aljihu da guntun taba ranar da shugaban aiki ya shigo ba zato. Leposava ta daɗe a kabari. Ga ta nan kuwa tana karkaɗa hannu, kamar yadda take yi in ta hango ƙanwarta a bakin ƙofar masaƙa tana nawa.

Wani da ya wuce ta titi a lokacin ya rantse mini ya ga Gwaggo Zagorka tsaye a tsakiyar zauren, daidai tsakanin tagogi biyu, kai a buɗe, gashi yana tashi, fuska sharkaf. Na ce masa ƙarya yake. Daga baya ita da kanta ta ce mini haka aka yi.

Ta kulle zauren da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi masaƙa. Ta hau matakala tana haki, ta faɗa ɗakin Budimir hannu rabbana, wani abin da shi ma ba ta taɓa yi ba. Ta same shi yana naɗe goga-gogan fenti a jarida.

«Mayar da su inda ka ɗauko.»

«Gwaggo, lafiya? Kina warin ƙauri.»

«Ba ruwanka da warina. Me ya sa ba ka faɗa mini tafiya suke yi ba?»

«Na faɗa, Gwaggo.»

«Da wannan muryar taka ta kyanwa? Saurara. Ni na rufe wa aikinka hanci, ni zan buɗe masa. Ka ba ni zuwa Asabar.»

«Mutanen garin nan ba za su tsaya cikin promaya ba, ko da kuwa ke kika ce.»

Nan ya taɓo inda ke mata ciwo. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa aika kowa inda zai cutu ba, shi ya sa ake jin maganarta. Yanzu ga shi za ta gayyaci maƙwabta, tsofaffi masu ciwon gwiwa, su zo su tsaya a bakin mutuwa don kallon riguna. Ta fara zuwa wurin likitan unguwa.

«Likita, tsakani da Allah, mutum zai iya tsayuwa cikin promaya tsawon shan kofin gahawa ya rayu?»

«Gwaggo, sau nawa zan faɗa muku? Babu wata cuta mai wannan suna. Iska ce kawai.» Yana faɗa yana miƙewa ya rufe ƙofar da nas ta bari a buɗe.

«To me ya sa ka rufe?»

«Saboda takardu, kada su tashi.»

«Madalla. Ranar Asabar ka zo zaure da jakarka, ka tsaya kusa da ƙofa. Ka sa hula.»

Daga nan sai kasuwa. Milunka ta hango ta ta fara dariya. «Ga mai zaure mai ɗumi.»

«Zauren da sanyi, Milunka. Sanyi kamar kabari. Tagogi biyu a buɗe, suna kallon juna. Kuma sai kin zo.»

Mai sayar da albasa ya saki ma'auni.

Milunka ta ce, «Zagorka, zo in taɓa goshinki. Ko kin fara shan abin da mijinki ya bari a ƙarƙashin gado?»

«Na shiga na tsaya, ga ni a gabanki da raina.»

«Yau kwana nawa? Ai ba ta kisa nan take, sai ta bari ka manta.»

«Kina ciki, Milunka. Ke da Leposava, da duk 'yan layinmu. Ban iya faɗa miki yadda abin yake ba, sai kin gani. Na taɓa aika ki wurin banza?»

Milunka ta daɗe tana goge wuƙar cuku a gefen zani. Sannan ta ce, «In na mutu, kada ki bari matar ɗana ta gaji teburin nan. Ki zuba cukun a kogi.»

Ranar Juma'a Gwaggo ta bi gida-gida tana aron hulunan sanyi da mayafan wuya da ɗamarar ulu ta ƙugu, ta sayo auduga ƙunshi guda don toshe kunne. Nawa akwatin ma sai da ta zazzage. Ranar Asabar kuwa, rana tana dukan ƙasa, sai ga mutanen garinmu suna tahowa a naɗe kamar masu zuwa yaƙi da dusar ƙanƙara, gumi yana bin wuya. Wata ta kawo bargo. Wani ya bar wa matarsa wasiyya a bakin ƙofa. Gwaggo tana tsaye tana duba kowa kamar soja. Wani saurayi da ya fito daga wanka da jiƙaƙƙen gashi ta mayar da shi gida, ta ce ba za ta ɗauki alhakinsa ba. Likita yana gefe da jaka, da hula har gira. Budimir ya maƙale a lungu yana neman ƙasa ta tsage.

«Kowa ya toshe kunne?» in ji ta da ƙarfi, don duk an toshe ɗin. «Masu ciwon baya ku jingina da bango. Zan buɗe!»

Ta buɗe ta gabas. Aka ja numfashi. Ta ratsa taron, ta kama mariƙin ta yamma, ta rufe ido, ta tura.

Rigunan suka tashi.

Ban taɓa jin garin nan ya yi shiru irin na ranar ba, ko a jana'iza. Sai can muryar Milunka ta fasa shi.

«Waccan tawa ce! Mai yagaggen wuya! Amma ni ban kai haka ƙiba ba.»

«Iska ce ta cika ta,» in ji Gwaggo.

«Har iskar ma sharri take mini.» Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Daga nan wuri ya ɓarke. Wannan ta nuna ta uwarta, waccan ta gane ta maƙwabciyarta da ɗinkin hannun riga, ana kiran sunayen da aka daɗe ba a kira ba, ana dariya ana kuka ana cire auduga don a ji juna. Tsohon nan da ya taɓa zuwa barci a benci, wanda a da kullum yake jiran matarsa a ƙofar masaƙa da keke, ya matsa gaban wata 'yar ƙaramar riga, ya sa hannu ya cire hularsa. Cikin promaya, da sanƙonsa a fili. Gwaggo ta gani, ta ƙyale shi. Sai da ya gama tsayuwarsa ta matso ta ce a hankali, «To, ta gan ka. Mayar da hular.»

Da aka rufe tagogi likita ya zagaya ya duba, ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi motar Miodrag ta tsaya a ƙofar masaƙa tana ta oda. Amma matakalar zuwa ɗakin Budimir ba masaka tsinke. Matan garin ne, kowace da ƙullin gahawa ko kwalbar miya a hannu ɗaya, kamar yadda Gwaggo ta koya musu, a ɗaya hannun kuma tsohuwar rigar aiki da aka tono daga ƙasan akwati.

«Kai Budimir, ta Milunka ka rataye ka bar tawa? Me ta fi ni?»

«Tawa kusa da taga za ka sa ta, ni ce mai sauri a layinmu.»

«Ga ta mahaifiyata, ɗana. Kada ka wanke tabon nan, na san ranar da ya samu.»

Miodrag ya gaji da oda ya ɗaga kai ya yi kira. «Suruki! Za ka sauko ko sai na hau?»

Budimir ya leƙo ta taga, riguna har haɓa. Karo na farko a rayuwarsa aka ji muryarsa daga tsallaken titi. «Ba hanya, Miodrag! Ka gaida Ostiriya!»

Miodrag ya tafi da kwalaben miyar tattasai a kujerar da ya tanadar wa surukinsa, har da ɗaura musu bel.

Ita kuwa Gwaggo Zagorka, ranar Litinin ta tashi wuya ya sandare. Ta yi makonni tana kallon hagu, daidai irin na kawunta, da tsumma jiƙe da barasa a ɗaure a wuya. Likita ya ce yawan ɗaga kai sama ne ya jawo. Mu dai muka gyaɗa masa kai don kada ya ji kunya. Amma ko da wuyan a karkace, kowace Asabar ita ke buɗe tagogin da hannunta, har aka ƙara wa nunin wata, har mutanen garuruwan maƙwabta suka fara zuwa da bas, da hulunansu.

Zagorka, ke ce kika ce abu babu kyau, sannan kika koma tsakiyar kasuwa kika ce kin yi kuskure, gaban Milunka kuwa, wadda ba ta mantuwa. Ke ce kika tsaya inda kika fi tsoro a duniya don kada wani ɗan mutane ya ajiye abin da aka halicce shi dominsa. Masu zane da yawa a masaƙar can suna aiki yau saboda wata rana kin ƙwanƙwasa musu ƙofa da baƙi a bayanki. Mun gode, maƙwabciya. Allah ya ba ki hutu mai ɗumi, ya tsare miki ƙoda.

Shekaranjiya aka yi mata walimar sallama a zauren. Rigunan an ba su ɗaki nasu na dindindin a masaƙa yanzu. Budimir ya miƙe, ya ce abu ɗaya yake roƙo: ta ba shi rigar sanyin nan mai ruwan toka, ya rataye ta kusa da ta Leposava.

«Ka haukace? So kake in tafi gida tsirara?»

«Gwaggo, don Allah.»

Aka sa baki, aka yi ta roƙo. Ta harare mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi tsaki, ta fara ɓalle maɓallai. Muka riƙe numfashi, don babu mai rai a garin nan da ya taɓa ganin ta ba rigar. Ta cire, ta ninke, ta miƙa masa. A ƙarƙashi akwai wata, irinta sak, a ɓalle har wuya.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba sai kun iya zane ba kafin ku yi irin nata. Ku leƙa zauren garinku ku ga abin da aka rataye. Ku ƙwanƙwasa wa masu zanen unguwarku, da ɗan abu a hannu. In kun ga abin da ya taɓa ku, ku kama hannun rigar wani ku kai shi. In kun zo namu garin, ku tambayi hanyar masaƙa ranar Asabar, za ku ga wata riga mai ruwan toka tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai jan faci. Ku zo da hula. Wanda ya shigo ƙarshe kuma, don girman Allah, ya ja mana ƙofa.